Guzurin Jirgin Kaka

Kakana na wajen uwa kafintan jiragen ruwa ne, amma sai da na haura shekara ashirin kafin na ga hannunsa a kan katako. A Kano aka haife ni, shi kuwa yana Sudan. Wani ɗan kasuwa Bakano ne ya auro 'yarsa ya kawo ta gida, ta haife ni, na tashi ban san kakana ba sai a waya: muryar wani tsoho da ke kirana amarya, yana tambaya ko na iya tuƙa tuwo ko ya nemi wata. Hausarsa ta mutanen da ce, cike da Larabci. Kakansa ne ya bar ƙasar Hausa da ƙafa da niyyar hajji, ya ƙetare Bahar Maliya a jirgin filafilai mai tafiya da iska, da ya dawo sai ya yada zango a Sudan, zangon da bai tashi ba har ya mutu.

Ina shekara ta biyu da fara karatu a Alƙahira yaƙi ya ɓarke a Sudan. Kawu, ƙanen mahaifiyata, ya kwaso iyalinsa da tsofaffin nan biyu daga Omdurman suka nufo Masar a mota. Kaka ya iso. Matarsa, wadda muke kira Habboba yadda 'yan Sudan ke kiran kaka mace, ba ta iso ba. An ce mana ta rasu a bakin iyaka, aka binne ta can. Iyakar abin da aka faɗa mana ke nan, mu ma ba mu tona ba.

Suka kama haya a wata unguwar Alƙahira da ake kira Arba wa Nus, a bene hawa na huɗu. Ni ina unguwar Hay el-Sabi' tare da wasu ɗalibai mata. Duk Juma'a nakan shiga ƙaramar bas in je, da zumuɗin yau dai zan ga angon nan nawa mai baki. Amma tsohon da nake tararwa ba shi ne na waya ba. Yana zaune a kan katifa, ya juya wa taga baya, hannuwansa a kan gwiwa. Manyan hannuwa ne, duk tabo, babban yatsan hagu ya rasa rabin farce. In na ce, "Ango, amaryarka ta zo, ko tashi ba za ka yi ba?" sai ya ce, "Sannu da zuwa," kamar baƙuwa ce ni. Wannan sannu da zuwa ta fi zagi yi mini ciwo.

Abinci kuwa sai an yi da gaske yake cin loma uku. Matar Kawu ta yi asida, tuwon 'yan Sudan, ta yi miyar kuɓewa busasshiya, ni na kawo dambun nama daga cikin ɗan abin da aka aiko mini daga gida, duk a banza. Da azumi ya zo na lura da wani abu: da ruwa kaɗai yake buɗa baki. In an miƙa masa dabino sai ya ture farantin da bayan hannu. Na ɗauka haƙora ne, don guda huɗu suka rage masa. Kawu ya kai shi asibiti, likita ya duba ya ce babu wata cuta. Jallabiyarsa dai kullum ƙara yi masa yawa take. Wata rana Kawu ya raka ni bakin titi ya ce, "'Yata, tsohon nan tafiya yake yi a hankali, mu kuma muna kallo." Na yi kuka a cikin bas har wata Bamisiriya ta miƙo mini hankici.

A lokacin ina zuwa wata cibiya a unguwar Madinat Nasr koyon Turanci sau biyu a mako. Malamarmu Baturiya ce 'yar Ostireliya, doguwa, ta manyanta, mai dariya da ƙarfi, Larabcinta kuwa sai dai a yi haƙuri. Wata rana ta ce kowa ya ba da labarin yadda danginsa suka je inda suke. Ta fara da kanta. Ta ce kakannin kakanninta talakawa ne a Ingila, lokacin da Turawan suka mamaye ƙasar da take kira tata yanzu suna neman masu zuwa su zauna su yi noma. Suka sayar da ɗan abin da suka mallaka, suka shiga jirgi, miji da mata da 'ya'ya, suka yi wata uku da wani abu a kan teku ba su taka ƙasa ba. Ta nuna mana hoton wani tsohon zane a wayarta: jirgi mai ginshiƙai uku, kowanne an jera masa filafilai masu kusurwa huɗu tun daga ƙasa har sama. Ta ce zanen yana rataye a ɗakin mahaifiyarta, wadda ta kusa shekara casa'in, kuma tsohuwar ba ta da hira sai ta jirgin nan da ba ta taɓa gani ba.

Ni dai a raina na ce, ai ƙasar da mutanenta kuka tarar. Da yake bakina ba ya riƙe magana, na faɗa. Malama ba ta ji haushi ba. Ta ce gaskiya ne, kuma abu ne da ke damunta, amma matar da ta shiga jirgin da goyo ba ta san komai ba sai yunwar da ta baro. Da aka tashi na roƙe ta ta turo mini hoton, ba don komai ba sai don in tsokani Kaka.

Ranar Juma'a na durƙusa gabansa na ce, "Ango, kai da kake cika mini baki da jirage, ka taɓa yin irin wannan?"

Ya kalli wayar a kaikaice. Sai ya karɓa. Ya kai ta kusa da hanci, ya nisanta ta, ya ce a miƙo masa tabarau, tabarau ɗin da tun zuwansa bai nema ba. Ya daɗe yana kallo. Sannan ya yi tsaki.

"Wannan shanya ce ko jirgi? Dubi yadda suka baza zannuwa. Mu ƙyalle ɗaya muke ɗaurawa mai kusurwa uku, ya kai mu Jidda ya dawo da mu. Su wane ne waɗannan?"

Na ba shi labarin. Ya sa yatsa yana bin jikin jirgin, wayar tana ta tsalle daga hoto zuwa hoto, ina mayar masa. Ya ce cikin jirgin yana da faɗi, an yi shi don kaya da mutane ne, ba don gudu ba. Ya ce wanda ya yi zanen bai taɓa riƙe igiya ba, ga wata nan ta tashi daga sama ba ta sauka ko'ina ba. Ya ce amma wanda ya sassaƙa jirgin ya san aikinsa, Allah Ya ba shi ladan guminsa ko wane ne shi. Matar Kawu ta leƙo daga kicin da ludayi a hannu, ta tsaya baki buɗe. Rabon da a ji ya jera magana haka tun Omdurman.

"Tsohuwar ba ta taɓa ganinsa ba, kika ce?"

"Sai a zane."

"Zane ba a juya shi a ga baya," in ji shi. "Ki nemo mini katako."

Haka aikin ya fara. Kawu ya samo ƙofar wani tsohon kabad da aka yar a ƙasan bene. Kaka ya ƙwanƙwasa ta da yatsa, ya shinshina, ya ce ba laifi. Kayan aikinsa duk sun tsaya a Sudan, don haka na bi shagunan unguwa da takarda a hannu ina neman ƙaramin zarto da kurfi da magagari da gam. Sau uku yana mayar da ni da kurfi, wai wannan ko albasa ba zai yanka ba. Na ce, "Tsoho, ni fa ɗaliba ce, ba 'yar aike ba." Ya ce, "Matar da ba ta iya sayen kurfi ba, da me za ta riƙe miji?" Na fita ina ƙunƙuni, ina sauka bene ina murmushi ni kaɗai, don angona ya dawo.

Ya koma zama a baranda, inda rana take. Tsawon jirgin kamu ɗaya da rabi. Bai fafe katako guda ya ce ya yi jirgi ba, yadda na zata. Sai da ya kafa ƙashin baya, ya jera haƙarƙari, sannan ya yanka katako siriri siriri, yana jiƙawa a ruwan zafi yana lanƙwasawa yana liƙawa ɗaya bayan ɗaya. Ya ce haka ake yin babba, kuma shi bai iya yin ƙarya da katako ba. Ya yanka tsohuwar farar jallabiyarsa ya yi filafilan, yana ɗinki yana zagin Turawa da yawan shanya. Baranda ta cika da garin katako, matar Kawu tana shara tana mita, amma na ga ta daina rufe ƙofar don ta riƙa jin motsinsa. Cin abincin dai bai ƙaru sosai ba. Yakan sha shayi, ya gutsuri burodi, ya koma aiki.

Da jirgin ya fara kama da jirgi na gaya wa Malama. Ta dafe ƙirji. Ta ce dama ƙarshen zango za ta tafi gida ganin mahaifiyarta, ko Kaka zai yarda ta zo ta gani? Ta zo wata Juma'a da yamma, ta hau benen nan huɗu tana haki, ta cire takalmi tun ba a ce mata ba. Kaka ya sa hularsa. Ni ce tafinta.

Na zata zai tambaye ta tsawon ginshiƙi ko launin fenti. Bai tambaya ba.

"Tambaye ta, a ina suke kwana?"

Ta ce a ƙasa, cikin cikin jirgin, kan gadajen katako da aka jera wani bisa wani, iyali guda a gado guda, labule ne kawai tsakaninsu da maƙwabta. In teku ta yi fushi sai a rufe ƙofar sama, su zauna a duhu har ta huce.

"Me suke ci?"

Ta ce abin da aka riƙa faɗa a gidansu shi ne nama mai gishiri da ya daɗe a ganga, da wani busasshen burodi mai tauri da sai an buga shi ƙwari sun zube kafin a ci. Ruwa kuma aunawa ake yi.

"Duka suka isa?"

Ta ce a'a. Matar ta shiga da jariri, nononta ya ƙafe a tsakiyar tafiya, yaron ya rasu. Aka naɗe shi a ƙyalle aka saka shi a teku. Ta ce mahaifiyarta har yau in ta zo nan a labarin sai ta tsaya ta share ido, alhali ko kakarta ba ta ga yaron ba.

Na fassara. Kaka ya sunkuyar da kai yana murza wani guntun katako.

"Wa ya yi musu guzuri?" ya ce.

Na rasa yadda zan juya wannan da Turanci. Na yi ta kewaye: abincin da mutanen gida ke ɗaura wa matafiyi, wanda ba saya ya yi ba, ba kuma roƙa ya yi ba. Malama ta ce ba ta jin akwai wanda ya yi musu, waɗanda suka bari a baya ma ba su da shi. Kaka ya gyaɗa kai, bai ƙara tambaya ba. Da za ta tafi ya sa matar Kawu ta ƙulla mata gyaɗa a leda, wai hanyar Madinat Nasr da nisa.

Bayan mako uku ya gama. Wallahi ban taɓa ganin abu mai kyau irinsa ba. Ga igiyoyi na zare, kowace ta tashi daga wani wuri ta sauka a wani wuri, har wadda mai zane ya bari tana lilo ya nema mata maɗauri. Ta wata 'yar taga a gefe, in ka kanne ido ɗaya, kana hango gadajen a jere da ƙananan mutane da ya sassaƙa, har da wata mace da ɗan ƙunshi a ƙirji. Ya rufe saman da katako ya liƙe tsaf. Na ɗaga shi don in kai wa Malama ta tafi wa mahaifiyarta da shi, sai na ji wani abu ya yi yuuu a ciki, wani kuma ya gangara ya bugi gefe.

"Ango, wani abu ya ɓalle a ciki."

"Babu abin da ya ɓalle. Aikina ne."

"To mene ne wannan?"

"Guzuri," ya ce, kamar na tambaye shi ko jirgi na da ƙasa. "Gero tafi ɗaya, ɗan gishiri, dabino uku. Wancan karon sun tafi haka nan. Wannan karon ba za su tafi haka ba."

Na yi dariya har da riƙe ciki, na ce tsufa dai ya kama angona. Na naɗe jirgin a zani na rungume shi a bas kamar jariri, ina harar duk wanda ya matso.

Malama ta ga jirgi ta fashe da kuka a gaban ɗalibai. Ta leƙa tagar ta ga matar da ƙunshinta, ta ƙara wani kukan. Sai na girgiza mata shi, ina ba ta labarin guzuri don ta yi dariya. Dariyar ba ta zo ba. Ta ce ƙasarsu ba a shiga da ƙwayar hatsi ko 'ya'yan itace, ko guda ɗaya, saboda tsoron cutar shuka. Katakon kansa sai ta nuna an duba. In na'ura ta hango iri a ciki, kuma babu ƙofar da za a buɗe a fitar, to ko su fasa shi ko su ƙwace su ƙone. Ta ce ba za ta iya ɓoyewa ba, ba za ta kuma iya tsayawa tana kallo a fasa shi ba. Tafiyarta saura kwana tara.

Na koma Arba wa Nus da jirgi a ranar, ba Juma'a ba. Na yi wa Kaka bayani dalla dalla. Ya ce a'a. Na sake yi. Ya ce jirgi ba ya barin hannunsa babu guzuri, bai taɓa yi ba, ko na masunta ne sai Habboba ta ƙulla wani abu an jefa a ciki. Na ce wannan doka ce ta ƙasar mutane. Ya ce wace irin ƙasa ce ke tsoron dabino uku. Ga zafi, ga gajiyar bas, ga jarrabawa a gabana, sai zuciya ta ɗebe ni. Na ce, "Haba Kaka! Itace ne fa! Mutanen ciki itace ne, ba sa ci, ba sa sha. Waɗanda suka ji yunwar sun mutu tun kafin a haifi kakanka. Dabinonka ba zai tashe su ba."

Ya cire tabarau ya ninke, ya tashi daga baranda ya koma kan katifa, ya juya wa taga baya. Na tsaya da jirgi a hannu. Ko Kaka ban saba kiransa ba, sai ranar.

Kawu yana gida, ya ji komai. Ya ce in zo in raka shi sayen burodi. A kan bene, tsakanin hawa na uku da na biyu, ya tsaya ya zauna a kan matakala, ya ce in zauna.

Ya ce Habboba tana da ciwon sukari, na sani. Ya ce mace ce da ko ƙetaren gada za ka je sai ta cusa maka wani abu a aljihu. Amma ranar da suka fito, harbi ya iso layinsu, tukunya na kan wuta suka bar ta. Abin da suka saya a hanya ya ƙare a bakin iyaka, inda motoci suka yi kwanaki a layi cikin rana. Ta sha maganinta da safe babu komai a cikinta. Wajen azahar ta fara rawar jiki, gumi na keto mata. Wata mata a motar ta ce sukarinta ne ya faɗi, a sa mata wani abu mai zaƙi a baki, ko dabino ɗaya ne. Kawu ya ruga neman likita. Kaka ya bi motoci ɗaya bayan ɗaya yana tambaya, mutumin da bai taɓa roƙon kowa komai ba. Can gaba wani direba ya ba shi dabino uku.

"Da ya dawo ta riga ta cika," in ji Kawu. "Suna hannunsa aka yi mata salla. Suna aljihunsa muka shigo Masar. Kullum suna ƙarƙashin matashinsa. Shekaranjiya matata ta gyara shimfiɗa ba ta gan su ba."

Ban san lokacin da na sa fuskata a cinya ba. Na ji kunyar kaina irin wadda ban taɓa ji ba, na ji kuma son tsohon nan ya cika mini ƙirji. Kawu ya ce kar in nuna masa na sani. Muka sauka muka sayi burodin da ba a buƙata.

Washegari na yi fashin aji na koma. Na durƙusa bayansa na ce, "Ango, na yi laifi. Bakina ya fi ni girma. Ka yafe wa amaryarka." Na ce, "Ni dai abu ɗaya nake tsoro. Sun ce ƙone shi za su yi. Da gadajen, da matar, da jaririn."

Kafaɗarsa ta motsa.

"Da mutanen a ciki?"

"Da su."

Sannan ya ce, "Baturiyar, cikinta ma suna dubawa?"

Na ce ban taɓa jin haka ba.

"To miƙo mini kurfi. Mai kyan, ba wanda kika sayo da fari ba."

Ina kallo ya bi layin gam da bakin kurfi a hankali, ya ɗaga katako uku daga saman jirgin ba tare da ko ɗaya ya tsage ba. Ya karkata shi a kan faranti, gero ya zubo, da ƙullin gishiri. Dabinon ya ciro da yatsu biyu ya sa a aljihu. Ya hure cikin, ya sa ni na haska da waya har sai da muka tabbata ko ƙwaya ɗaya ba ta maƙale ba. Bai sake liƙewa ba. Ya yi wa wurin murfi mai buɗewa, ya ce duk mai son leƙe ya leƙa ya ga babu abin kunya a aikinsa. Sannan ya ce in gaya wa Baturiya ta biyo ta nan ranar tafiya, kuma kar ta ci komai kafin ta zo.

Ta zo da hantsi, motar da za ta kai ta filin jirgi na jira a ƙasa. Matar Kawu ta ƙara gero a kan na cikin jirgin ta dama kunu, ta sa gishirin a ciki kaɗan. Kaka da kansa ya miƙa wa Malama kofi, ya tsaya a kanta har ta shanye. Ya ce in gaya mata wannan na matar da ke cikin jirgin ne, ta kai mata. Na faɗa mata. Malama ba ta san komai game da bakin iyaka ba, amma ta riƙe kofin da hannu biyu.

Sai ya sa hannu a aljihu ya fito da dabinon. Irin busasshen nan ne na Sudan, sun ƙanƙance sun yi baƙi. Ya ba Malama ɗaya. Ta gatsa, na ji ƙarar haƙorinta, ta daure ta tauna tana cewa tamam, tamam, wato da kyau da Larabcin nan nata, hawaye na zuba, ban sani ba ko na taurin ne. Ya karɓi ƙwallon daga hannunta, ya ce kar su kama ta da shi. Ya miƙo mini na biyu. "Ke ma matafiyiya ce, amarya. Kullum kina bisa hanya, kullum cikinki fayau, shi ya sa bakinki ya yi kaifi." Na karɓa na ci. Ya karɓi nawa ƙwallon ma.

Jirgin Kaka ya shiga ƙasar su Malama lafiya. Hoton yana wayata har yanzu: mahaifiyarta, tsohuwa fara fat, a kujera, jirgi a cinyarta, ta kanne ido ɗaya tana leƙen taga. Amma a ranar ba mu san zai shiga ba. Muna baranda ni da Kaka muna kallon motar tana kutsawa tsakanin masu tuk-tuk, wato a-daidaita-sahun can, har ta sha kwana. Dabino na ukun yana tafin hannunsa. Ya juya shi, ya sake juyawa. Na kawar da kai ina kallon shanyar maƙwabta, don kar ya ga ina kallonsa.

Da na waiwayo ya sa shi a baki. Da haƙora huɗu ba a cin irin wannan dabino, sai dai a tsotsa har ya yi laushi. Ya daɗe. Kawu ya zo bakin ƙofa ya tsaya, matarsa a bayansa, babu wanda ya yi motsi. Hawaye na bin gemunsa bai share ba. Da ya gama ya ciro ƙwallon, ya haɗa da sauran biyun ya mayar aljihu, ya goge hannu a jallabiya.

Sannan ya dube ni sama da ƙasa.

"Amarya, rana ta yi tsaka ba a ba ni komai ba. Wace irin mata aka aura mini? Tashi ki tuƙa tuwon nan da kike ta cika baki a waya, mu gani."